Salansar Fijon Kawu: abin da ya cinye ta, da wadda muka ɗaura a madadinta

Motar Fijo 504 ce fara, mai ƙofa huɗu, haɗin Kaduna, ta farkon shekarun 1980. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya saye ta sabuwa dal da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati, kuma har yau ba ta taɓa barin hannunsa ba. Da ita aka kai yawancin amaren gidanmu ɗakunansu. Duk wanda ya girma a Sakkwato ya san matsayin wannan mota. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, masana'antar PAN mai haɗa Fijo a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma Turawa sun daɗe da daina yin 504 mu muna ci gaba da haɗa ta a nan gida har cikin shekarun 2000. Wannan ne ya sa har yanzu ake samun kayanta, amma kullum raguwa suke yi, kuma kanikawan da suka san ta ciki da bai tsufa yake cim musu.

Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1971, da kafireta. Babu kwamfuta a jikinsa, babu wata na'ura mai auna hayaƙi. A kishingiɗe yake cikin bonet, kuma manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindojin nan huɗu ya zuba shi cikin bututu, yana ɓangaren da injin ya kwanta a kai, inda hannu ba ya shiga da sauƙi.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 Kawu ya rage fita da ita. Ranar Juma'a yakan tayar da ita ya je masallaci ya dawo, wani lokaci ya kai Hajiya dubiya ko gaisuwar rasuwa cikin gari. Tafiyar ba ta wuce ta minti goma. Sauran kwanakin tana ƙarƙashin rumfa a lulluɓe. A ganinsa hutu yake ba ta. Bayan wani lokaci sai muryarta ta canza, ta fara wani gurnani daga baya, kuma idan an taka rami sai a ji abu yana kaɗawa a cikin tukunyar salansa kamar tsakuwa a gwangwani.

Gyaran farko

Ɗansa, taubashina, shi ya karɓi makulli ya ce zai gama da maganar a yini ɗaya. Niyyarsa mai kyau ce, so yake ya faranta wa mahaifinsa. Ya kai ta wajen wani mai walda a bakin titi, aka sa wuta aka yanke komai tun daga ƙasan manifol har wutsiya. Aka kawo fayif mai faɗin inci biyu da rabi, aka ɗauko tukunya guda ɗaya ta wata motar zamani, aka like su da walda daga farko har ƙarshe, babu mahaɗa ko ɗaya da za a iya kwancewa. Hujjar mai waldar ita ce wadda kowa yake ji: idan bututu ya yi faɗi inji zai yi numfashi sosai, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu.

Abu uku suka biyo baya. Motar ta rasa jan da aka san ta da shi a ƙananan gudu, wurin da Kawu yake wucewa a giya ta uku yanzu sai ya koma ta biyu. Sannan wani amo mai nauyi ya cika cikin motar, irin wanda yake zama a kunne ko bayan an sauka. Na ukun shi ne ya tayar mini da hankali. An ɗauki jikoki biyu zuwa Wurno, kafin a isa duka biyun suna kukan ciwon kai, ƙaramar ta yi amai. Aka ce zafin rana ne. Da aka dawo suka sake yin haka, Hajiya ma da ke zaune a baya ta ce kanta yana sarawa. Kawu da ke tuƙi a gaba, gilashinsa a sauke, bai ji komai ba.

Da labarin ya iso ni na je na same shi bayan la'asar. Na ce, “Kawu, don Allah kada a sake ɗaukar kowa a motar nan sai an duba ta.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Wagga mota shekara arba'in ba ta taɓa cutar da kowa ba. Mi anka yi mata?”

Abin da muka gani a kan rami

Akwai wani dattijon bakanike da ya yi rayuwarsa a kan Fijo, tun zamanin 404. Kowa Baba yake ce masa. Tambayar da ya fara yi mana ita ce ina tsohuwar salansar take. Allah ya taimake mu taubashina bai bar wa mai waldar ita ba, ya jefa guntayen a but da niyyar sayar wa ’yan gwangwan, sai ya manta. Baba ya sa yaransa suka jera guntayen a ƙasa yadda suke a jikin mota, tun daga bututun gaba, tukunyar tsakiya, lanƙwasar da ke bi ta wajen ƙafafun baya, har tukunyar ƙarshe. Daga baya na gane cewa guntayen nan su ne suka cece mu, domin su kaɗai ne ma'aunin da ya rage mana na yadda masana'anta ta tsara abin.

Da aka hau ramin gareji da ake duba ƙarƙashin mota, sabon bututun ya tona asirin kansa. Wutsiyarsa ba ta fito ta wuce bamba ba, a ƙarƙashin but ta tsaya. Robar murfin but kuwa ta bushe ta tsattsage saboda zafin shekaru, ga wata ’yar ɓula a daɓen but ɗin. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta juyawa take yi tana komowa jikin motar, kuma sauke gilashin gaba yana ƙara zuƙo ta ciki. Hayaƙin yana fita a ƙarƙashin but, ya shiga but, ya ratsa ta bayan kujera, ya sami yaran. Gubar da ke cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Ita ce dai take hallaka iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida. Tsohon inji mai kafireta yana fitar da ita da yawa fiye da na zamani, tun ba ma idan kafiretar tana ba da mai fiye da kima ba, kuma baƙar kunkunniyar da muka gani a fulogai ta nuna haka take yi.

Akwai kuma ɗigo biyu a wuraren walda. Baba ya nuna mini yadda ake gane su: inji yana silo bai yi zafi ba, a toshe bakin wutsiya da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, duk inda ke yoyo zai yi huci, kuma yawanci za a ga zanen baƙi a wurin. Sannan fayif ɗin kansa na ruwa ne, irin mai rufin tutiya da ake jan famfo da shi. Yana da nauyi ƙwarai, ya riga ya tsinke roba ɗaya daga cikin masu riƙe shi, nauyin ya koma kan manifol. Shi kansa mai waldar bai tsira ba, domin farin hayaƙin da tutiya take yi a ƙarƙashin wuta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Maganar faɗin bututu kuwa, ga yadda na fahimce ta. Hayaƙi ba gudana yake yi kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata. Idan bugu ɗaya ya wuce da sauri yakan bar wani ɗan zuƙo a bayansa, wanda yake taimaka wa silinda ta gaba ta zubar da nata. A bututu mai faɗi da yawa hayaƙin yana rage sauri, ya huce, zuƙon ya ɓace, musamman a ƙananan gudu. Motar tsere mai kwana a ƙarshen totur tana amfana da faɗi. Motar dattijo mai tafiya cikin garin Sakkwato a giya ta uku asara take yi. Da muka auna tsohon bututun bai kai inci biyu ba, kuma waɗanda suka zana injin ba su zaɓi wannan faɗin da ka ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar tukunyar ƙarshe. Daga waje lafiyarta ƙalau, tsatsa kaɗan ce a jikinta. Baba ya sa aka tsaga ta. Ciki ya ruɓe, faifan da ke raba ɗakunanta sun zube sun zama ɓarɓashi, ƙasanta ya yi siriri har yatsa yana iya huda shi. A ƙasashen sanyi gishirin da ake zubawa a titi ne yake cin salansa daga waje. Mu a nan ba mu da wannan, damina wata huɗu ce, sauran shekara ƙasa a bushe take. Tamu daga ciki take mutuwa. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. Idan an yi doguwar tafiya bututun yana yin zafi har ƙarshe, tururin ya fice. Idan tafiyar minti goma ce, tukunyar ƙarshe ba ta kai ga yin zafi ba, tururin ya koma ruwa ya kwanta a cikinta, ya haɗu da sulfa da ke cikin mai ya zama ruwa mai cin ƙarfe, ya yi kwana shida yana aikinsa kafin wata Juma'ar. Lokacin hunturu, da ake jan cok da safe don ƙara wa inji mai ya tashi, abin ya fi muni.

Baba ya ɗaga ɓarɓashin a tafin hannunsa ya nuna wa Kawu. Ya ce, “Alhaji, ranka shi daɗe, ba tahiya tac cinye ta ba. Zama na.”

Zaɓin da ke gabanmu

Na farko shi ne a nemo salansar 504 ta asali, sabuwa da ba a taɓa ɗaurawa ba. Mun yi cigiya a Sakkwato, mun aika Ƙofar Ruwa a Kano, mun tambayi masu zuwa Kaduna. Cikakkiya ba ta samu ba. Wani ya kawo mana ta 505 ya ce ai injinsu ɗaya. Gaskiya ne akwai 505 mai irin wannan injin, amma jikin motocin ba ɗaya ba ne, lanƙwasa da wuraren rataya sun bambanta, sai an yanka an ƙara, mu kuwa daga yanke-yanke muke gudu.

Na biyu, ta hannu, wadda aka cire daga wata 504 da aka yanka. Tana da arha kuma za ta zauna daidai. Matsalarta ita ce darasin da muka koya yanzu: waje ba ya faɗin gaskiyar ciki. Baba yana ɗaga kowace tukunya ya ji nauyinta, ya girgiza ta kusa da kunne, ya bubbuga ƙasanta da ƙotar sukundireba. Daga cikin waɗanda aka kawo, tukunyar tsakiya guda ɗaya ce ta ci jarrabawarsa. Ba abin mamaki ba ne, domin ta tsakiya ta fi kusa da inji, tana yin zafi da wuri, ruwa ba ya kwana a cikinta. Ta ƙarshe kuwa ko ɗaya ba mu samu mai rai ba.

Wani ɗan kasuwa ya so ya sayar mana da salansar wata motar Beljiyam, yana cewa har da indominta a ciki, wato na'urar nan mai tace hayaƙi. Ba ta da amfani a nan. An yi ta ne don injin da kwamfuta ke auna masa mai daidai wa daida. A bayan kafireta ɗanyen mai zai riƙa isa gare ta, ta yi zafi fiye da kima, ta narke ta toshe hanya.

Na uku shi ne wanda ni kaina na fi so da farko: a yi ta gaba ɗaya da ƙarfen da ba ya tsatsa. Ina ganin motar da ta kai wannan shekaru ta cancanci abin da za a yi sau ɗaya a huta. Akwai iri biyu da ake yin salansa da su. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne mai ƙyalli, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai. Mai lamba 409 kuromiyam ɗinsa wajen kashi 11 ne, mayen ƙarfe yana kama shi, fuskarsa takan yi ja amma ba ya ruɓewa da wuri, kuma shi masana'antun motoci suka fi amfani da shi. Fayif ɗin da muka samu a kasuwa mai ƙyalli ne, amma siriri, irin wanda ake yin makarin bene da ƙofofi da shi. Baba ya ƙi shi, kuma dalilansa sun rinjaye ni. Siririn ƙarfe yana sa murya ta yi kaifi kamar ta gwangwani. Irin 304 yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, ga hanyoyinmu da girgiza, don haka yakan tsage a bakin walda idan ba a rataye shi da kyau ba. Idan kuma ya tsage, gyaransa na ƙwarai sai mai waldar argon. Kawu yana zuwa Wurno, yana zuwa Gwadabawa, wani lokaci har Illela. Baƙin ƙarfe ko a wane ƙauye aka tsaya akwai mai iya like shi. Kuɗinsa ma ya ninka na sauran, amma ba kuɗin ne ya yanke hukunci ba. Da a ce motar a Legas ko Fatakwal take, inda damshi da iskar teku suke cin ƙarfe daga waje, da na tsaya a kan ra'ayina.

Abin da aka yi

Muka tsaya a kan haɗi: a bar abin da ke da rai, a ƙera abin da ya mutu bisa ma'aunin tsohuwar.

Manifol na asali ne, na zubi, bai tsage ba, don haka ba a canza shi ba. An dai kwance shi don a sa sabon gasket, kuma wannan aiki kaɗai ya ci kwana biyu. Tof silindar 504, wato murfin saman inji, na alminiyam ne, kusoshin da ke riƙe manifol sun shekara da shekaru a cikinsa, idan aka yi musu ƙarfi suka karye a ciki an shiga wani babin. Baba ya jiƙa su da mai ya bar su suka kwana, washegari ya ɗan gasa notocin yana juya su gaba da baya a hankali. Ko ɗaya bai karye ba. Da zai mayar ya sa notocin tagulla, waɗanda ba sa kamewa da tsatsa.

Bututun an yi shi da baƙin ƙarfe mai kauri, faɗinsa daidai da na tsohon. Wurin lanƙwasa ne aikin yake. Mai waldar farko yanka fayif ya riƙa yi yana haɗa shi gwiwa-gwiwa, kowace gwiwa tana tare hayaƙi. Wanda Baba ya kira ya cika fayif ɗin da yashi, ya toshe bakunan, ya gasa wurin har ya yi ja, sannan ya lanƙwasa shi a hankali yana gwadawa da tsohon guntun. Yashin yana hana fayif ɗin matsewa a gwiwa. Sai da ya soya yashin a kan wuta tukuna, domin yashi mai laima a cikin fayif rufaffe tururi yake zama, yana iya fashewa a fuskar mutum.

Tukunyar tsakiya ita ce ta hannun nan da ta ci jarrabawa. Ta ƙarshe sabuwa ce ta kasuwa, mai rufin alminiyam, wadda girmanta da faɗin bakinta suka fi kusa da na asali, kuma mai ɗakuna a ciki ce, ba irin wadda ake hango haske ta ɗaya bakin ba. A mafi ƙasan wuri a jikinta Baba ya huda ’yar ƙaramar ƙofa, milimita 3, don ruwa ya riƙa ɗiga. An haɗa sassan uku da maɗauri mai noti, ba da walda ba, domin ranar da ta ƙarshe ta sake mutuwa, kuma ita za ta riga sauran, a kwance ta ita kaɗai. Aka sa sababbin robobin rataya, ba waya ba, ba guntun taya ba. Aka tabbatar bututun bai matsi tankin mai ko fayif ɗin birki ba, abin da ba wasa ba ne a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40. Aka ɗaga shi ya koma cikin hanyarsa ta asali yadda tudun rage gudu ba zai taɓa shi ba. Wutsiyar kuma ta fito ta ɗan wuce bamba.

Sai abubuwan da ba salansa ba amma ba a raba su da ita. Kujerar inji, wato robar da inji yake zaune a kai, guda ɗaya ta mutu, injin yana rawa fiye da kima, kuma da an bar ta da ta karya sabon bututun a wuya cikin watanni. An canza ta. An sa sabuwar roba a murfin but, an like ɓular daɓen, an daidaita kafireta.

Da aka tayar da ita Kawu bai ce komai ba. Ya zagaya baya ya tsaya yana saurare, sannan ya shiga ya ja ta, ni ina gefensa, muka bi hanyar Bodinga. A wata ’yar hawa ya bar ta a giya ta uku, ta haye ba tare da ta yi tari ba. Ya ce, “Ita ta. Muryarta ta dawo.”

Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya masa kafin ya ba shi makulli: kowane mako a yi mata tafiyar da ba ta gaza rabin awa ba a buɗaɗɗen titi, don bututun ya yi zafi har wutsiya. Kawu ya yi ƙorafin kuɗin mai, Baba ya ce ya kwatanta shi da kuɗin tukunya. Yanzu ran Asabar da safe yakan je Wamakko ko Bodinga ya gaida abokan aikinsa na da, ya dawo.

Damina ɗaya ta wuce tun daga lokacin. Na koma da ita kan rami bayan an ɗauke ruwa. Babu zanen baƙi a ko wace mahaɗa, noti ɗaya ne ya ɗan saki aka ɗaure shi, kuma a ƙarƙashin ’yar ƙofar nan akwai alamar inda ruwa yake ɗiga. An sake zuwa Wurno da jikokin sau biyu, sun yi barcinsu a baya sun tashi lafiya. Guntayen tsohuwar salansar kuwa Kawu ya hana a sayar. Ya sa an ɗaure su da waya, an rubuta wa kowanne lambarsa da fenti daga gaba zuwa baya, an rataye su a bangon rumfar da motar take kwana.